Hukuncin Taro da Hukuncin Alƙali a Tarihin Gana

A Nima da Mamobi da sauran unguwannin zango na birnin Ankara, idan aka yi ihun ɓarawo da dare, kafin a ce haka lungu ya cika da samari riƙe da sanduna. Wanda aka kama yakan sha duka, wani lokaci har ya mutu kafin 'yan sanda su iso. Masu yin haka suna da hujjarsu. Sukan ce idan an kai ɓarawo ofishin 'yan sanda, gobe sai a gan shi yana yawo a kasuwa. Wannan kuka ba ƙarya ba ne duka. Amma tarihin Gana ya nuna inda wannan hanya take kai mutane.

A ranar 4 ga Yuni, 1979, ƙananan sojoji suka karɓi mulki a ƙarƙashin Jerry Rawlings. Talakawa sun gaji da tsadar kaya da ɓoye su, abin da ake kira kalabule. A cikin watan nan aka harbe manyan hafsoshi 8, har da tsofaffin shugabannin ƙasa 3, wato Acheampong da Akuffo da Afrifa. An yi wa mata 'yan kasuwa bulala a bainar jama'a, a watan Agusta kuma aka rushe kasuwar Makola. Mutane da yawa sun yi murna, suna cewa gaskiya ta zo. Amma kaya ba su wadata ba, kuma wanda yake jin haushin maƙwabcinsa ya sami hanyar kai shi ƙara wurin soja.

Da Rawlings ya komo mulki ranar 31 ga Disamba, 1981, aka kafa kwamitocin tsaro na jama'a a unguwanni da wuraren aiki, aka kuma riƙa zargin kotuna da goyon bayan masu kuɗi. A daren 30 ga Yuni, 1982, aka sace alƙalan babbar kotu uku daga gidajensu a Ankara, su ne Cecilia Koranteng-Addow da Fred Poku Sarkodee da Kwadwo Agyei Agyepong, tare da wani tsohon soja, Manjo Sam Acquah. Aka tsinci gawawwakinsu a filin harbi na Bundase, an harbe su an sa musu wuta. A 1983 aka kashe Amartey Kwei, wanda dā yake cikin majalisar mulkin, saboda hannunsa a kisan. Lauyoyin Gana suna tunawa da ranar nan kowace shekara. Al'ummar da ta saba da hukunci ba tare da shari'a ba, ta wayi gari alƙali kansa ba shi da mafaka.

Mutanen Nima sun ɗanɗani ɗaya gefen maganar. Ranar 9 ga Mayu, 2001, a wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa cikin 'yan kallo, fiye da mutum 120 suka mutu a turmutsutsu, da yawansu 'ya'yan Nima ne. Samari cikin fushi suka nufi ofishin 'yan sanda na unguwar. Daga baya aka gurfanar da 'yan sanda 6, amma kotu ta sallame su. Iyayen mamatan suna da dalilin ɓacin rai. Irin wannan ne yake sa talaka ya fid da zuciya ga shari'a, alhakinsa kuwa yana kan mahukunta.

Duk da haka, labarin Kyaftin Maxwell Mahama ya isa gargaɗi. Ranar 29 ga Mayu, 2017, ya fita motsa jiki da safe a Denkyira-Obuasi ba tare da kakin soja ba. Aka ga bindiga a jikinsa, aka ce ɗan fashi ne, taro ya jefe shi har ya mutu. Laifinsa kawai shi ne ba a san shi a garin ba. A Janairun 2024 babbar kotu a Ankara ta ɗaure mutum 12 rai da rai, ta saki 2. An yi fiye da shekara 6 ana shari'ar, amma ta bambanta mai laifi da marar laifi, abin da taron bai tsaya ya yi wa Mahama ba.

Wannan ya shafi mazauna zango fiye da kowa. Zango wurin baƙi ne tun asali, kuma tsofaffi ba su manta da dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a 1969 ba. Idan taro ya fara neman mai laifi, baƙo ne yake fara gani, mai wata riga dabam, mai wani harshe dabam. Bahaushen da ya ɗaga sanda a Nima yau, gobe shi ne baƙo a wani ƙauye.

Littafi Mai Tsarki bai raina zafin wanda aka cuta ba. Amma a Littafin Ƙidaya sura 35 an keɓe birane 6 na mafaka, domin wanda ya yi kisa ba da gangan ba ya tsira daga mai ramuwa har a ji maganarsa, an kuma hana a kashe mutum a kan shaidar mutum ɗaya. A Ayyukan Manzanni sura 19, sa'ad da birnin Afisa ya ruɗe, magatakardan gari ne ya tuna wa jama'a cewa akwai kotuna da mahukunta. Ubangiji Yesu kansa ihun taro ne ya rinjayi Bilatus a kansa, taron kuwa yana ganin daidai yake yi.

Saboda haka aikin mai bi a unguwa ba naɗe hannu ba ne. Zai iya shiga sintirin dare tare da maƙwabtansa Musulmi, ya kama ɓarawo, ya miƙa shi ga hukuma, ya je kotu ya ba da shaida, ya kuma haɗa kai da sarkin zango da limamai a matsa wa 'yan sanda su yi aikinsu. Abin da ya fi wuya shi ne tsayawa tsakanin sanda da wanda yake kwance a ƙasa. Alƙali idan ya yi kuskure ana ɗaukaka ƙara, amma wanda taro ya kashe ba wanda zai komo da shi ga uwarsa.