Tsakanin Yaji da Ɗakin Miji: Hoton Mace Mai Cin Gashin Kanta a Wasan Kwaikwayon Hausa, Nazari Daga Amarawa

Tsakure

Maƙalar ta auna yadda rubutattun wasannin Hausa na wajejen 1960 suka zana macen da ta nemi 'yancin kanta, ta kwatanta hoton da tarihin matan yankin Amarawa, kusa da Illela, inda ƙasar Sakkwato ke iyaka da Birnin Ƙwanni. Hujjarta ita ce, marubutan sun ƙuntata hoton fiye da yadda rayuwa ta ƙuntata shi.

Ƙofofi biyu a dandali

A Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi (1960), mace mai zaman kanta ita ce Kyallu, karuwar da attajiri ya aura, ta raba shi da iyalinsa da dukiyarsa. A Uwar Gulma na Mohammed Sada kuwa, Halima matar aure ce da Hayatu ya gallaza wa. Ba ta da makami sai yaji, kuma yajin ma gidan iyaye yake kai ta, inda haƙuri ne kalmar da ke jiranta, har maganar ta dangana da alƙali. Wato mace ko dai ta fita daga aure ta zama abin tsoro, ko ta zauna ciki ta zama abin tausayi. Sada ya cancanci yabo, domin ya ɗora laifin a kan miji, abin da ba kowane marubucin zamaninsa ya yi ba. Duk da haka, Halimarsa ba ta da jari, ba ta da murya a wajen ɗakinta.

Abin da ƙasar Gobir ta sani

Mutumin Amarawa ba sai an kai shi nesa ba kafin ya ga gurbin da wasannin suka bari. A sarautar Gobir akwai Inna, 'yar gidan sarauta mai faɗa a ji a kan lamurran mata da bori, kuma sarautarta ba ta mutu da faɗuwar Alkalawa a 1808 ba. Ta bi Gobirawa zuwa Tsibiri. A ɓangaren masu jihadi, Nana Asma'u (1793–1864) ta kafa ƙungiyar mata ta 'yan taru, tana naɗa wa jagorarsu, wato jaji, malfa, ta tura ta ƙauyuka koyar da matan aure. Waɗannan mata ba yaji suka yi ba, ba kuma gidan magajiya suka shiga ba.

Ƙasa da wannan akwai matar kulle mai suyar ƙuli-ƙuli da dakan fura, wadda 'yarta ke kai talla kasuwa. Shari'a a mazhabar Malikiyya ta bar mata sadakinta da ribar sana'arta, kuma da wannan kuɗin takan sayi akuya, ta zuba adashi, ta yi wa 'yarta kayan ɗaki, in zama ya ƙi ta fanshi kanta ta hanyar hul'i. Wannan matar, wadda ta fi kowace yawa, da ƙyar ake ganinta a tsakiyar wasa.

Dalili

Maza 'yan boko ne suka rubuta wasannin, don rediyo da makarantu, da nufin gargaɗi kan rayuwar birni, shi kuwa gargaɗi yana buƙatar wadda ta ɓata ko wadda aka ɓata wa. Wasan gargajiya bai sha bamban sosai ba: a tashen Mairama da Daudu, 'yan mata da kansu ke kwaikwayon yadda amarya za ta yi wa miji ladabi. Sai dai a nan su ne masu shirya wasan, su ne masu raba abin da aka samu bayan shan ruwa, kuma wannan ɓangaren ne nazarin tashe a garuruwan iyaka ya kamata ya sa wa ido.