Tarihin Haɗuwar Asibiti da Zaman 'Yan'uwa Wajen Raba Mutum da Shaye-shaye

Jama'a, idan yaro ya faɗa shaye-shaye, yawancinmu hanya ɗaya muke kamawa: ko asibiti, ko nasiha. Tarihi kuwa ya nuna sai an haɗa biyun.

A 1935, a garin Akron na Amurka, wasu mutum biyu da giya ta kassara suka haɗu: Bill Wilson, dillalin hannun jari, da Bob Smith, likitan tiyata. Sun lura cewa idan mashayi ya zauna da ɗan'uwansa mashayi suka gaya wa juna gaskiya, haƙura da kwalba yakan zo da sauƙi. Daga nan ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta samo asali. Ba kuɗin shiga, ba a kuma fitar da sunan kowa. A 1953 masu fama da ƙwaya suka kafa tasu a Kalifoniya. A 1989 Musulmin Baltimore ma suka kafa Millati Islami bisa koyarwar addini.

To, amma zaman kaɗai bai wadatar ba. Wanda jikinsa ya saba da giya sosai, in ya bari dare ɗaya, jijjiga na iya kama shi har ya rasa ransa. Shi ya sa a shekarun 1950 aka fara wani tsari a jihar Minnesota, inda likita, masanin halayyar ɗan'adam, malamin addini da tsohon mashayi ke taruwa a kan majinyaci ɗaya. A 1965 likitoci biyu, Dole da Nyswander, suka nuna maganin metadon na kwantar da ƙishirwar hodar heroyin. Wasu 'yan ƙungiyoyin suka ƙi, wai an canja ƙwaya da ƙwaya ne. An daɗe ana wannan ja-in-ja. Ita dai ƙungiyar su Wilson ta ja kunnen 'ya'yanta kada wani ya mai da kansa likita. A 2020 masanan Cochrane suka tace bincike 27, suka tarar cewa haɗa majinyacin giya da irin wannan zama bisa tsari yana taimaka masa ya dore a kan bari.

Mu ma nan gida muna da abin koyi. A 1954 Dakta Lambo na asibitin Aro, Abeokuta, ya riƙa saukar da masu taɓin hankali a gidajen mutanen ƙauye, kowa da ɗan'uwansa, suna karɓar magani da rana. Akwai kuma abin gudu: a 2019 'yan sanda suka fito da sama da mutum 300 daga wani gidan mari a Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa.

Saboda haka in za ku kai yaro wani wuri, ku tambaya: akwai likita? An nemi yardarsa? Za a rufa masa asiri? In ya fito, da wa zai riƙa zama? Allah ya shirya mana zuri'a, amin.