Asalin Naman Gwangwani

Kafin zuwan firiji, nama ba ya jiran kowa. In an yanka sa da safe, ko dai a cinye, ko a raba wa maƙwabta, ko a nemi dabarar hana shi wari. Mu a ƙasar Hausa rana da wuta muka dogara da su: a fere nama falle-falle a shanya, a tsoma shi a labu a yi kilishi, ko kuma a yi banda. Turawa kuwa, da yake ba su da rana irin tamu, sai su cusa shi a ganga su danne da gishiri. Sojoji da matuƙan jirgin ruwa su suka fi shan azabar wannan abinci, don sukan yi wata da watanni ba su ɗanɗana wani abu sai shi.

To, a zamanin da Faransa ke fama da yaƙe-yaƙen Napoleon, akwai wani mai dafa abinci kuma mai yin alewa, sunansa Nicolas Appert. Ya shafe shekaru yana gwaji: ya zuba nama ko miya ko ganye a kwalba, ya toshe bakinta tam, ya tafasa ta a ruwa, ya ajiye. Bayan watanni in an buɗe, sai a tarar abincin lafiya lau. A 1810 gwamnati ta ba shi faran 12,000, da sharaɗin ya wallafa dabarar kowa ya sani. Abin mamaki, har ya rasu bai san ainihin dalilin da ya sa dabararsa ke aiki ba. Sai bayan shekara wajen hamsin Louis Pasteur ya nuna cewa wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani ke ruɓar da abinci. Zafi ke kashe su, toshewar kuma ke hana sababbi shiga.

Sai dai kwalba ba ta jure tafiya. A wannan shekara ta 1810 wani ɗan kasuwa a Ingila, Peter Durand, ya yi rajistar amfani da gwangwanin ƙarfe a maimakonta. Bryan Donkin da John Hall suka sayi haƙƙin, suka kafa masana'anta a Landan, zuwa 1813 sun fara cika gwangwanaye, rundunar sojan ruwa ta zama babban mai saye. Gwangwanayen farko kauri gare su, sai da guduma da ƙarfe mai kaifi ake fasa su. Mabuɗin gwangwani bai bayyana ba sai bayan 1850.

Kaso mai yawa na naman da zai cika gwangwanayen duniya daga Kudancin Amurka ya fito. A Yurugwai shanu sun yi yawa har akan yanka su don fata kawai, nama ya tafi a banza. Kamfanin Liebig ya kafa masana'anta a garin Fray Bentos, a 1873 ya fara zuba naman sa mai gishiri a gwangwani. Shi ne sojojin Birtaniya suka rayu a kansa cikin ramukan Yaƙin Duniya na Farko, shi ne kuma jiragen 'yan kasuwa suka kai duk inda Turawa suka yada zango. A tsibirin Samowa har yau sunansa pisupo. Asalin kalmar sunan miyar wake ce ta Ingilishi, wadda aka fara kai musu a gwangwani, sai sunan ya bi nama. Yanzu pisupo na cikin kayan da ake kai wa dangi a biki da makoki.

Wanda ya fi kowanne suna shi ne Spam, na kamfanin Hormel da ke garin Austin a jihar Minnesota ta Amurka, wanda ya fito a 1937. Naman alade ne, don haka ba abincin Musulmi ba ne, amma labarin naman gwangwani ba ya cika ba tare da shi ba. Kamfanin ya nemi hanyar sayar da kafaɗar alade ce, wadda ba ta da kasuwa sosai a lokacin. Ana haka Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, Amurka ta yi ta jigilarsa ga sojojinta da ƙawayenta, har Birtaniya da Tarayyar Sobiyet. Sojojin sun ci har ya gundure su. Amma da suka kwashe kayansu suka koma gida, mutanen da suka bari a baya ba su rabu da shi ba. A Hawai ana soya yanki guda a ɗora kan curin shinkafa, a ɗaure da busasshen ganyen teku, ana ce masa musubi. A Filifin ana karya kumallo da shi, da shinkafa da ƙwai.

Labarin Koriya ta Kudu ne ya fi taɓa mini zuciya. Yaƙin 1950 zuwa 1953 ya bar ƙasar a rushe, yunwa ko'ina, nama kuwa sai a mafarki. Mutanen da ke zaune kusa da barikokin Amurkawa, irin su garin Uijeongbu, suka riƙa samun gwangwanayen da ke fitowa daga barikin, wani ta hanyar kyauta, wani ta bayan fage, wani ma daga abin da aka zubar. Mata suka haɗa naman da kabejinsu mai tsami da ake kira kimchi, suka zuba barkono da tafarnuwa, suka yi miya. Ba su ɓoye asalinta ba, suka raɗa mata budae jjigae, wato miyar bariki. A ganina babu abin kunya a nan. Uwar da ta mayar da ragowar abincin baƙo tukunyar da za ta ci da 'ya'yanta, ta cancanci a jinjina mata.

Yau Koriya ta Kudu na cikin ƙasashe masu arziki, kasuwanninta cike da ɗanyen nama, amma miyar bariki tana nan a gidajen abinci, matasa na cin ta da marmari. Lokacin bikin kaka da suke kira Chuseok da na sabuwar shekara, za ka ga an jera gwangwanayen Spam cikin kwalaye masu ado, ana saye ana kai wa iyaye da surukai.