Daga Bakin Wa Ka Ji? Waiwaye Kan Tarihin Ambaton Madogara a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa rubuta kundin digiri ya san wahalar shafin manazarta. A nan ne malami yake zare jan alƙalami ya tambayi sunan mawallafi, da shekarar bugu, da maɗaba'a, da lambar shafi. Da yawa daga cikinmu muna ɗaukar wannan aiki a matsayin wata ƙa'idar Turawa da aka ɗora mana. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna cewa ɗabi'ar faɗin inda aka samo magana ta riga boko zuwa ƙasar Hausa, kuma siffarta ce kawai ta sauya.

Tsakanin "Wai" da "In Ji"

Harshen Hausa kansa ya bambanta magana mai uba da marar uba. Idan Bahaushe ya ce "wai", to ya zame ke nan, bai ɗauki nauyin abin da ya faɗa ba. Idan kuwa ya ce "in ji wane", ya nuna wanda za a je a tambaya. Da Musulunci ya kafu, sai wannan ɗabi'a ta sami tsari a hannun malamai, wato isnadi, wanda asalinsa ilimin Hadisi ne. Mai ruwaya yakan faɗi wanda ya ji daga bakinsa, shi ma wancan ya faɗi nasa, har silsila ta kai tushe. Almajirin da ya sauke littafi a gaban malami yakan karɓi ijaza mai ɗauke da sunayen waɗanda littafin ya biyo ta hannunsu.

Malaman Jihadi

Shugabannin jihadin 1804 sun riƙi wannan tsari da muhimmanci. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rubuta Asanidul Faƙir don ya tsara silsilar malamansa. Cikinsu akwai Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda ya sami ijaza a Alƙahira daga Murtala az-Zabidi, wanda ya rasu a 1791. Ta haka silsilar wani malami na ƙasar Gobir ta haɗu da ta manyan malaman Masar. A 1812 kuma ƙanen Shehu, Malam Abdullahi na Gwandu, ya rubuta Ida'un Nusuhi, inda ya lissafa malamansa da littattafan da ya karanta a wurin kowannensu. Wanda ya duba rubuce-rubucen Shehu, kamar Bayanu Wujubil Hijira na 1806, zai ga yakan ambaci malami da littafinsa kafin ya kawo maganarsa, sa'annan ya rufe da kalmar "intaha" don mai karatu ya san inda maganar aro ta ƙare. Aikin da baka biyu suke yi a rubutun boko ke nan.

Littafi Marar Uba

Amfanin wannan ɗabi'a yana fitowa fili idan aka dubi littafin da ya rasa ta. Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya jero sarakuna tun daga Bagauda har zuwa Sarki Muhammadu Bello, amma bai faɗi wanda ya rubuta shi ba, bai kuma faɗi inda aka samo labaran ba. Wannan ya sa masana suka rabu. A 1994 John Hunwick ya kawo hujjar cewa mutum guda ne, Ɗan Rimi Barka, ya tsara shi a zamanin Bello. A 1983 M. G. Smith ya tafi a kan cewa an daɗe ana tara shi, sarki bayan sarki. Da marubucin ya ajiye layi biyu kacal game da kansa da masu ba shi labari, da ya hutar da na baya.

Zuwan Boko

Tsarin da muke bi a jami'o'i ba tsoho ba ne kamar yadda ake zato. Littafin ƙa'idojin Jami'ar Chicago ta Amurka ya fara fitowa a 1906, tsarin APA ya samo asali a 1929, na MLA kuwa a 1951. Abin da suka zo da shi shi ne mayar da hankali daga bakin malami zuwa shafin littafi, domin injin ɗab'i ya sa kowane kwafi na bugu guda ya zama daidai da ɗan'uwansa. Masana irin su Abdullahi Smith, wanda ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970, da Wazirin Sakkwato Junaidu, sun taimaka wajen haɗa tsofaffin takardunmu da sabon salon bincike.

Misali Daga Abuja

Mu ɗauki ɗalibin da yake zaune a Gudu, cikin birnin tarayya, ya ga sunan wani littafi, A Chronicle of Abuja, na Alhaji Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi. Idan ba a rubuta masa shekara ba, zai zaci tarihin birnin da yake ciki ne. Amma da ya ga 1952, zai gane cewa ana nufin garin da Abu Ja, ɗan gidan sarautar Zazzau ta Haɓe, ya kafa a 1828. Bayan an keɓe yankin birnin tarayya a 1976 ne sabon birni ya ɗauki sunan, tsohon garin ya koma Suleja. Lambobi huɗu kawai suka raba shi da kuskure.

Kammalawa

Waiwaye adon tafiya. Ɗalibin da ya kwashe maganar wani ya ɓoye sunansa ya ci amana biyu: ta mai maganar, da ta mai karatun da ya rufe wa hanyar bincike. Magabatanmu sun yi tafiyar watanni don su ji littafi daga bakin mai shi, suka kuma rubuta sunansa. Mu da littafi yake iske mu a ɗaki, ko ta intanet, ba mu da uzurin komawa kan "wai".