BABI NA UKU: KUƊIN GINA BARIKOKIN SOJA A NIJERIYA BAYAN YAƘIN BASASA, 1970–1979

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an duba yadda Turawan mulkin mallaka suka kafa barikokin farko a garuruwa irin su Zariya da Kaduna da Legas da Enugu. A wannan babi za a yi ƙoƙarin bayyana halin da muhallin soja ya shiga bayan yaƙin basasa, da kuma yadda gwamnati ta kashe kuɗi domin magance matsalar. Abin da babin ke son tabbatarwa shi ne, a wannan zango an sami kuɗi isassu, amma an sake su ba tare da tsari ba, kuma wannan ne ya hana aikin kaiwa inda aka nufa.

3.1 Asalin Matsalar

Kafin ɓarkewar yaƙi a watan Yuli na shekarar 1967, sojan Nijeriya ba su wuce kimanin 10,000 ba. Barikokin da ake da su an gina su ne daidai wannan adadi. Da aka ƙare yaƙi a watan Janairu na shekarar 1970, yawan sojan ya kai kimanin 250,000. Ke nan cikin wata talatin rundunar ta ninka kusan sau 25, alhali ɗakunan kwana suna nan yadda suke.

Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ba ta yi gaggawar sallamar sojojin ba, domin ana tsoron abin da zai biyo baya idan aka saki dubban mutanen da suka saba da bindiga ba tare da sana'a ba. Saboda haka sai aka riƙa tsugunar da su duk inda aka sami wuri. Wasu sun zauna a rumfunan kwano na wucin gadi, wasu kuma suka kama haya a cikin unguwanni tare da farar hula. Wannan zama ya haifar da illoli guda biyu. Na farko, ya raunana ladabin soja, domin hafsa ba ya iya sa ido a kan kurtun da ke kwana a bayan gari. Na biyu, ya yawaita saɓani tsakanin soja da jama'ar gari. Don haka batun gina bariki ya tashi daga maganar jin daɗin soja kawai ya koma maganar zaman lafiyar ƙasa.

3.2 Kuɗin Man Fetur da Rikicin Siminti

A ƙarshen shekarar 1973 farashin ɗanyen mai ya ninka kusan sau huɗu a kasuwar duniya, baitulmalin gwamnatin tarayya ya cika. Wannan ya ba Ma'aikatar Tsaro damar shiga gagarumin shirin gina sababbin barikoki a sassan ƙasar. Sai dai masana'antun siminti na cikin gida, irin su na Nkalagu da Ewekoro da Sakkwato, ba su iya biyan bukatar ƙasa, don haka aka juya ga 'yan kasuwar waje.

A shekarar 1975 ma'aikatun gwamnati sun yi odar siminti da ya kai tan miliyan 20, wanda za a kawo cikin shekara guda. Kaso mafi tsoka, wato kimanin tan miliyan 16, na Ma'aikatar Tsaro ne. Kafin wannan lokaci simintin da ke shigowa ƙasar a shekara bai wuce kimanin tan miliyan 2 ba, ke nan an yi odar ninki goma na abin da tashoshin jiragen ruwa suka saba saukewa. Babu alamar cewa an daidaita wannan oda da ƙarfin tashar Apapa, ko da yawan motocin da za su kwashe kayan zuwa wuraren gini.

Sakamakon haka, zuwa tsakiyar shekarar jiragen ruwa sama da 400 suka yi cirko-cirko a gaɓar Legas suna jiran layi, fiye da rabinsu ɗauke da siminti. Yarjejeniyoyin da aka sa wa hannu sun tanadi biyan kuɗin jira ga kowane jirgi a kowace rana, don haka gwamnati ta riƙa biyan kuɗi a kan kayan da ba su taɓa ƙasa ba. Shi kuma siminti ba ya jure laima, saboda haka wani ɓangare nasa ya daskare a cikin jirage tun kafin a sauke shi. Cunkoson ya kuma tare hanyar sauran kayan masarufi, abin da ya ƙara tsadar rayuwa ga talaka.

Gwamnatin Janar Murtala Muhammed da ta hau mulki a ranar 29 ga Yuli, 1975, ta dakatar da shigo da simintin, ta kuma kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Belgore. Dakatar da biyan kuɗi ya sa wasu kamfanoni suka kai ƙara a kotunan ƙetare. Mafi shahara ita ce shari'ar kamfanin Trendtex da Babban Bankin Nijeriya a Ingila. Bankin ya kafa hujja da cewa shi reshen gwamnati ne, simintin kuma na gina barikin soja ne, don haka ba ya cikin hurumin kotun wata ƙasa. A shekarar 1977 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta yi watsi da wannan hujja, ta ɗauki al'amarin a matsayin ciniki kamar kowane ciniki.

3.3 Rage Soja da Ci Gaban Gine-gine

Gwamnatin Murtala ta fahimci cewa gini kaɗai ba zai warware matsalar ba muddin yawan sojan na nan yadda yake, don haka ta bayyana shirin sallamar soja kimanin 100,000. Wannan shiri na cikin abubuwan da suka jawo gunaguni a cikin rundunar gabanin yunƙurin juyin mulkin Laftanar Kanar Dimka na ranar 13 ga Fabrairu, 1976, wanda a cikinsa aka kashe Murtala. Gwamnatin Janar Obasanjo ta ci gaba da rage sojan sannu a hankali, tare da Laftanar Janar T. Y. Danjuma a matsayin Shugaban Hafsoshin Sojan Ƙasa, ana kuma ci gaba da gine-gine. A shekarar 1977 aka buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa ta Tin Can a Legas, wato darasin cunkoson ya yi amfani, amma bayan an riga an yi asarar.

Da kuɗin mai ya ja baya a shekarar 1978, ya kuma ƙara faɗuwa daga 1981, sai kuɗin gyara ya zama abin da ake fara yankewa a kasafi, tun da albashi ba ya jira. Barikokin da aka gina cikin gaggawa suka fara lalacewa tun ba su tsufa ba. Mafi munin sakamakon sakaci da kayan bariki ya bayyana a ranar 27 ga Janairu, 2002, lokacin da ma'ajiyar makamai ta barikin Ikeja ta fashe, mutane sama da 1,000 suka rasu, akasarinsu farar hula da suka faɗa cikin magudanar ruwa suna gudun tsira.

3.4 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa ƙarancin muhallin soja ya samo asali ne daga faɗaɗa rundunar a lokacin yaƙi, kuma kuɗin mai ya zo a daidai lokacin da ake bukatarsa. An kuma ga yadda rashin daidaita oda da ƙarfin tashar jiragen ruwa ya mai da kuɗin bariki ya zama kuɗin jira da na shari'a, sannan ba a yi tanadin kuɗin gyara ga abin da aka gina ba. Babi na gaba zai duba tasirin tsuke bakin aljihu na shekarar 1982 da shirin gyaran tattalin arziki na shekarar 1986 a kan rayuwar iyalan soja a cikin bariki.