Wa Ke Ƙirga Buhunan Rumbun Ƙasa?

Ya kai mai karatu, manomi ko makiyayi na ƙasar Waca, Magarya da Dungas.

Ka san yadda ake yi da rumbun tsimi na gari. Ba a ba mutum ɗaya mabuɗi da littafi gaba ɗaya. Wani ya riƙe mabuɗi, wani ya rubuta, na uku kuma ya zo ya ƙirga buhuna. To, dukiyar ƙasa ita ma rumbu ce. Harajin da ka biya yana cikinta. Ƙuri'ar da ka jefa ran zaɓe ita ma ajiya ce ka bayar. Wa ke ƙirga waɗannan buhuna? Wa ke zaɓensa? Wa kuma ke da ikon korarsa? Ga abin da tarihin Nijar ya nuna.

Daga kasuwar gyaɗa aka fara

Tambayi tsofaffin garinku labarin kasuwar gyaɗa. A da, mai saye shi ke da sikeli, shi ke karanta shi, shi ke biya. Manomi sai dai ya karɓi abin da aka miƙa masa. A 1962 gwamnati ta kafa UNCC, hukumar ƙungiyoyin gama kai. Daga 1966, a ƙasar Matamai da Magarya, aka shiga sabon tsari: manoma su zaɓi mai awo da magatakarda daga cikinsu. Wannan yana cikin dalilan da suka sa aka buɗe azuzuwan yaƙi da jahilci, don wanda bai san lamba ba, ba ya gane an rage masa kilo. Mai awon da ƴan gari suka zaɓa, ƴan gari yake jin kunya. In ya yi ha'inci, su ne za su sauke shi.

A sama kuwa ba haka abin yake ba. Ran 15 ga Afrilu 1974 Seyni Kountché ya kifar da gwamnatin Diori Hamani. Cikin dalilan da soja suka bayar har da hatsin taimakon yunwa da bai kai ga talakawa ba. Kountché ya sa aka yi bincike, aka ɗaure manya da dama, ma'aikata suka shiga taitayinsu. Amma shi ya naɗa masu binciken, gare shi kaɗai suke kai rahoto. Irin wannan mai bincike yana iya duba kowa, ban da wanda ya naɗa shi.

Babban Taron Ƙasa na 1991

Ran 9 ga Fabrairu 1990 ƴan makaranta suka yi zanga-zanga a gadar Kennedy ta Yamai. Aka buɗe musu wuta, uku suka mutu. A watan Mayu na shekarar nan soja suka kashe Buzaye a Cintabaradan. Bankin gwamnati, BDRN, ya durƙushe saboda bashin da aka ci ba a biya ba. Ran jama'a ya ɓaci, ma'aikata suka yi ta yajin aiki, har shugaba Ali Saibou ya yarda a kira Babban Taron Ƙasa.

An buɗe taron a Yamai ran 29 ga Yuli 1991, aka rufe shi ran 3 ga Nuwamba. Wakilai fiye da dubu ɗaya suka hallara: ma'aikata, ɗalibai, jam'iyyu, ƴan kasuwa, mutanen karkara, da na gwamnati. Suka zaɓi André Salifou ya shugabance su. Haifaffen Damagaram ne, malamin tarihi, wanda ya rubuta littafi kan sarautar Damagaram.

Taron ya kafa kwamitin binciken laifuffuka da cin zali, na siyasa da na dukiya. Shugabansa Maman Abou. Wannan karo ba mai mulki ne ya naɗa masu bincike ba, taro ne ya fid da su daga cikinsa. Sai aka ga abin da ba a taɓa gani ba. Manyan soja da tsofaffin ministoci suka tsaya gaban jama'a suna amsa tambaya. Ali Saibou da kansa ya zo ya yi bayani. Rediyo yana watsawa, mutane a gona da kasuwa suna saurare. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kafin a watse, wakilai suka zaɓi Amadou Cheiffou ya zama faraminista, suka kuma zaɓi wata majalisa mai suna HCR, André Salifou na shugabanta, ta yi dokoki, ta sa wa gwamnati ido.

Sai dai aikin bai tafi daidai ba. Wani hafsa, Kyaftin Maliki Boureima, an tsare shi saboda kisan Cintabaradan. A ƙarshen Fabrairu 1992 ƙananan soja suka yi bore, suka kama André Salifou na ɗan lokaci, suka fid da kyaftin ɗin daga kurkuku. Ka ga ke nan, zaɓen mai bincike kaɗai bai isa ba. Sai an sami ƙarfin da zai kare shi, da alƙalin da zai yanke hukunci kan abin da ya tono.

Masu ƙirgar ƙuri'a

Duk da haka an yi zaɓe. Ran 27 ga Maris 1993 Mahamane Ousmane, ɗan Damagaram, ya ci shugabancin ƙasa da kashi 54 cikin 100, Tandja Mamadou kuma ya yarda an kayar da shi. Daga baya aka kafa CENI, hukumar zaɓe mai zaman kanta, wadda a lokacin jam'iyyu da ƙungiyoyi ke da wakilai cikinta, don kowa ya sa wa ɗan'uwansa ido.

Ran 27 ga Janairu 1996 Ibrahim Baré Maïnassara ya yi juyin mulki, daga baya ya tsaya takara. An jefa ƙuri'a ran 7 da 8 ga Yuli. Ana cikin aiki, ran 8 ga wata, sai ya rushe CENI, ya kafa wata hukuma tasa. Aka tsare abokan takararsa huɗu a gidajensu. Sabuwar hukuma ta ce ya sami kashi 52 cikin 100, ya ci tun zagayen farko. Mutane suka fito kan titi a Yamai da Damagaram. Dubi wannan da kyau. Kamar mai sayen gyaɗa ne ya kori mai awon gari, ya zauna bisa sikeli da kansa. Ƙasa ba ta sami kwanciyar hankali ba har ran 9 ga Afrilu 1999, da masu tsaronsa suka harbe shi a filin jirgin Yamai.

Kuɗin lakwal da na yaƙi da jahilci

Wannan labari ya shafe ka kai tsaye. A 2006 bincike ya nuna an yi almundahana da kuɗin MEBA, ma'aikatar ilimin firamare da yaƙi da jahilci. Kuɗin taimako ne daga ƙasashen Turai, abin ya haura miliyar ɗaya na sefa, wato miliyan dubu. Jaridar Maman Abou, Le Républicain, tana cikin waɗanda suka fallasa zancen. A watan Agusta aka kama shi kan wani labari dabam, bai fito ba sai Nuwamba.

A nan dipitoci, wato wakilan da jama'a suka zaɓa, suka yi aikinsu. A lokacin, minista in ya yi laifi cikin aikinsa, wata Babbar Kotu ce ke yi masa shari'a, kuma dipitoci ke zaɓen masu zama cikinta daga junansu. A Oktoba 2006 Majalisa ta jefa ƙuri'ar tuhumar tsofaffin ministoci biyu, Ary Ibrahim da Harouna Hamani, aka tsare su. Ran 31 ga Mayu 2007 dipitoci 62 cikin 113 suka janye amincewarsu, gwamnatin faraminista Hama Amadou ta faɗi.

Bayan shekara biyu kuma aka koma gidan jiya. A 2009 shugaba Tandja ya nemi tazarce. Kotun Tsarin Mulki, ƙarƙashin Salifou Fatimata Bazèye, ta ce doka ba ta yarda ba. Ya rushe Majalisa a watan Mayu, ya rushe kotun a watan Yuni. Ran 18 ga Fabrairu 2010 soja suka sauke shi.

A 2011 aka kafa HALCIA don yaƙi da cin hanci. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 soja suka kafa CoLDEFF don ƙwato dukiyar ƙasa. Dukansu biyu naɗa su aka yi, ba zaɓe ba. Kansilolin da aka fara zaɓa a ƙananan hukumomi ran 24 ga Yuli 2004, har da ta Waca, masu duba kasafin magajin gari, an rushe majalisunsu a Afrilu 2024, aka naɗa kantomomi.

Abin riƙewa

Jera waɗannan shekaru ka duba. A 1991 da 2007 masu sa ido sun tuhumi manya, don ba manyan suka ba su kujera ba. A 1996 da 2009 wanda ake sa wa ido ya kore su, kuma sau biyun abin ya ƙare da bindiga. Saboda haka, in ka ji an kafa sabuwar hukumar bincike, yi tambaya uku. Wa ya zaɓe su? Wa ke iya sauke su? Za a karanta wa jama'a abin da suka gano, ko kuwa a kulle shi a akwati?

Akwai kuma mai sa ido wanda ba a rushewa da takarda, shi ne talakan da ya iya karatu. In ka biya haraji ko kuɗin kasuwa, karɓi rasit, ka karanta lambar da ke kansa. In ana taron rumbun tsimi ko na kuɗin fanfo, ka ce a kawo littafi a karanta gaban kowa. Duk ranar da aka sake zaɓe, kada ka tafi gida da zarar ka jefa ƙuri'a. A zaɓuɓɓukan da suka wuce, nan take ake ƙirgawa a runfar zaɓe, gaban jama'a, wakilan ƴan takara su sa hannu. Tsaya ka ji, ka rubuta lambar a takardarka, ka gwada ta da wadda za a faɗa daga baya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka ka koya wa matarka da maƙwabcinka su ma.

Allah ya ba mu shugabanni masu riƙon amana, amin.