Daɓe Mai Ɗumi da Abin da Ake Shimfiɗa a Kansa

Mutanen Koriya sun shafe ɗaruruwan shekaru suna ɗumama ɗakunansu ta ƙarƙashin daɓe, da tsarin da suke kira ondol. Wutar girki ce ke yin aikin. Zafinta da hayaƙinta su bi ta ramukan da aka gina a ƙarƙashin ɗaki, su gasa faffaɗan duwatsun da aka jera a sama, sannan su fice ta bututu a ɗaya gefen gidan. A kan duwatsun a yaɓe yumɓu, a kan yumɓun kuma a manna takarda mai ƙwari da aka shafe da mai har ta koma ruwan ɗorawa tana sheƙi. A kanta ake zama a ci abinci, da dare a shimfiɗa katifa, da safe a naɗe. Gefen da ke kusa da murhu, wanda ya fi ɗumi, na dattawa ne da baƙi. Rumawa ma, da suka ɗora daɓen gidajen wankansu kan ginshiƙan tubali don iska mai zafi ta ratsa, dutse da tayil suka sa a sama. Magina na da sun fahimci abin da nake ganin an manta daga baya, wato abin da aka rufe daɓe da shi sashe ne na murhun kansa.

A Birtaniya kuwa kafet ya samu karɓuwa ne saboda daɓe mai sanyi, aikinsa ya raba tafin ƙafa da sanyin ƙasa. A shekarun 1950 injinan garin Dalton na jihar Jojiya a Amurka suka karya farashinsa, har talaka ya iya shimfiɗa shi bango zuwa bango. A shekarun 1960 kuma hukumomin gidaje na Birtaniya suka riƙa binne wayoyin lantarki cikin simintin benayen da suke ginawa, don daɓe ya sha zafi da dare lokacin da wuta ke da araha. Sai abubuwa biyu masu saɓanin manufa suka haɗu a ɗaki ɗaya. Tsarin ya yi baƙin jini saboda tsada da wuyar sarrafawa. Ba kafet kaɗai ne ya jawo ba, don zafi mai yawa yana zurarewa ƙasa ta simintin da ba a tare shi ba, amma kafet mai kauri ya ƙara dagula lamarin.

Ma'aunin da ake raba gardama da shi yau sunansa tog, wanda cibiyar Shirley ta Manchesta ta ƙirƙiro a shekarun 1940 don auna yadda tufa ke tare zafi. Ƙa'idar da aka fi bi a daɓe mai ɗumi ita ce kafet da shimfiɗar ƙarƙashinsa, idan aka haɗa su, kada su wuce tog 2.5, fuskar daɓen kuma kada ta haura digiri 27.

Wani zai ce ai zafi ba ya ɓacewa, kafet jinkirta shi kawai yake yi, ga laushi ga rage ƙarar takawa. Laushin kam gaskiya ne, kuma babu mai cewa a hana mutum kafet. Amma batun jinkirin bai tsaya ba, musamman ga lantarki. Inda ake ɗumama daɓe da bututun ruwan zafi, bututun ba zai taɓa wuce zafin ruwan da ke cikinsa ba. Waya kuwa, muddin tana kunne, zafi take fitarwa ko ya samu mafita ko bai samu ba. Idan aka lulluɓe ta da soso mai kauri kamar an rufa wa garwashi bargo, zafin ya taru a ƙasa, na'urar auna ɗumin daɓe ta kashe wutar tun ɗakin bai yi ɗumi ba, inda kuma na'urar ba ta gani, kamar ƙarƙashin wata darduma da aka ɗora a sama, wayar na iya lalacewa. Shi ya sa masu sana'ar ɗumama daɓe ke neman kafet mai gajeren gashi, mai bayan algarara maimakon soso, da shimfiɗa siririya mai nauyi, su kuma tara tog na biyun a takarda kafin a yanka ko taƙi ɗaya.